Kan Olokun, mutum-mutumin Nok da na'urorin da ke leƙa cikin kayan tarihi ba tare da an fasa su ba

A shekarar 1948 aka ɗauki wasu kawunan tagulla daga Ile-Ife aka kai su Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan domin a goge su a kuma nuna wa jama'a. A cikinsu akwai wanda ya fi sauran suna, wato kan da ake kira Ori Olokun, wanda ɗan yawon binciken nan Bajamushe, Leo Frobenius, ya gani a ƙarshen 1910. Frobenius ya biya fam shida ya karɓe shi daga hannun masu kula da shi, amma jami'in mulkin mallaka na Ingila da ke Ibadan, Charles Partridge, ya tilasta masa mayar da shi. Bajamushen ya koma gida yana yaɗa cewa kyan wannan aiki ya fi ƙarfin hannun baƙar fata, ya jingina shi ga mutanen Atlantis, ƙasar almara da Girkawa suka ce teku ya haɗiye.

A Landan mutum biyu suka duba kan da idanunsu da hannayensu: William Fagg, ma'aikacin gidan tarihin, da Leon Underwood, gwanin sassaƙa da zubin ƙarfe. Hukuncin da suka yanke, wanda aka buga a 1949, ya girgiza masana. Sun ce wannan ba shi ne kan da Frobenius ya gani ba, kwafi ne aka zuba da dabarar masana'antun Turai, na asalin kuwa wani ya yi awon gaba da shi. Shekara fiye da sittin maganar nan tana yawo daga littafi zuwa littafi. Nijeriya tana riƙe da ɗaya daga cikin fitattun kayan tarihinta, tana buga hotonsa a tambura da allunan hukuma, alhali a rubuce an ce jabu ne.

Sai a 2010, lokacin da kan ya sake zuwa Landan domin baje kolin kayan masarautar Ife, masana kimiyya na gidan tarihin ƙarƙashin Paul Craddock suka sa shi a gaban na'urori. Suka ɗauki hotonsa da eksire, wato irin hoton ƙashin nan na asibiti, suka bi fatarsa da madubin ƙara girman abu, suka auna sinadaran ƙarfensa. Sakamakon da suka buga a 2013 ya juya hukuncin farko: kan an zuba shi ne da dabarar narkar da kaki, kamar sauran kawunan Ife, haɗin ƙarfensa ya dace da nasu, kuma mafi ƙarfin hujja na nuna cewa shi ne dai na asalin. Abin da ido ya rushe a 1949, na'ura ta sake gina shi, kan kuwa ya dawo gida ba a yanke shi ba, ba a sare shi ba.

Dabarar narkar da kaki ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan hujjar take. Maƙeri yakan fara gina dunƙulen yumɓu, ya shafe shi da kakin zuma, ya sassaƙa fuska da zane a kan kakin, sannan ya lulluɓe duka da wani yumɓun. Yakan soka 'yan ƙusoshin ƙarfe domin su riƙe dunƙulen ciki kada ya motsa. Idan aka gasa, kakin ya narke ya zube, sai a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. Ba a fitar da aikin sai an farfasa yumɓun waje, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Kowane mataki yana barin sawu a cikin ƙarfen: gurbin ƙusoshi, wurin da kauri ya bambanta, ƙananan kumfar iska, facin da maƙerin ya yi inda zubin bai cika ba. Daga waje ido ba ya ganin yawancinsu. Eksire yana gani.

Yadda haske ke karanta abu

A watan Nuwamban 1895 Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske mai ratsa jiki a garin Würzburg na Jamus, kuma shekara ba ta zagayo ba sai da aka haska shi a kan busasshiyar gawar Misira da kan zanen fenti. Ƙa'idar ba ta da wuya. Abu mai nauyi, kamar dalma ko ƙashi, yana tare hasken. Abu mara nauyi, kamar itace ko ƙyalle, yana barinsa ya wuce. Abin da ke fitowa a hoto inuwar nauyin abin ne. Masu zanen Turai na da can sun yi ta amfani da farin fenti na dalma, don haka idan wani ya yi zane ya shafe ya sake wani a kai, na ƙasan yakan bayyana.

Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya fara gwadawa a kan mara lafiya a Landan a 1971, ta ɗaga aikin zuwa wani mataki. Tana zagaya abu tana ɗaukar hotuna daga kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da cikinsa yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi, ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba. Ita kuwa na'urar XRF, wadda akwai ta hannu mai kama da na'urar huda bango, tana harba ɗan haske ne a kan abu, sai kowane sinadari da ke wurin ya mayar da nasa haske mai alama ta daban. Cikin daƙiƙoƙi allo zai nuna yawan jan ƙarfe, tutiya, kuza da dalma. Da irinta masana daga Italiya da Masar suka auna wuƙar Fir'auna Tutankhamun a gidan tarihin Alƙahira, suka bayyana a 2016 cewa ƙarfenta na ɗauke da sinadarin nikel kusan kashi 11 cikin ɗari, alamar cewa daga dutsen da ya faɗo daga sama aka ƙera ta.

Gawar wannan Fir'auna ita ce misalin abin da ake gudu. A 1925 Howard Carter da likitan da ke tare da shi suka kwance ta, da suka tarar danƙo ya manne ta da akwati sai suka yi amfani da wuƙaƙe masu zafi, suka raba kai da gangar jiki, suka daddatsa gaɓoɓi. Hoton eksire na 1968 ya nuna ɓaraguzan ƙashi a cikin ƙoƙon kan, daga nan labarin cewa kashe yaron aka yi da duka a ƙeya ya bazu. Sai hoton CT na 2005 ya nuna cewa ɓaraguzan bayan mutuwa suka karye. A kwatanta da Amenhotep na Ɗaya, wanda aka gano gawarsa a 1881 kuma masana na zamani ba su taɓa kwance likkafaninsa ba. A watan Disamban 2021 Farfesa Sahar Saleem ta Jami'ar Alƙahira da Zahi Hawass suka fitar da abin da CT ta gani: mutum ne mai kimanin shekara 35, tsawonsa santimita 169, da layu 30 a cikin naɗinsa da ɗamarar zinare a ƙugu. Furannin da aka ɗora masa shekara dubu uku da suka wuce suna nan inda suke.

Kasuwar Nok da gwanintar masu jabu

Inda wannan ilimi ya fi shafar Nijeriya kai tsaye shi ne yankin da bai wuce tafiyar 'yan sa'o'i daga Abuja ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kan yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna a yau. A 1943 wani kan ya fito daga wajen Jama'a, wanda har an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya isa hannun Bernard Fagg, ƙanin William ɗin nan da ya yanke wa Olokun hukunci. Bernard ne ya lura cewa hannu iri ɗaya ya gina su, shi ya raɗa wa al'adar sunan Nok, shi kuma ya kafa Gidan Tarihin Jos a 1952. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ya kai farkon al'adar zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum-mutumin kuwa sun fara bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa.

Wani abu da masu binciken suka yi ta nanatawa ya kamata kowane jami'in kwastam da kowane ma'aikacin ofishin jakadanci ya riƙe: a wuraren da suka tona da kansu, kusan komai a farfashe suka same shi. Kai a nan, hannu a can, gangar jiki babu. Amma a shagunan Faris da Brussels da kundayen gwanjo, mutum-mutumin Nok suna tsaye cak, cikakku, ba ko tsaga. A tsakanin ramin da shagon akwai aikin hannu mai yawa.

Shekaru da dama abin da mai saye ke dogara da shi shi ne takardar gwajin da ake kira TL. Yumɓu yana tara wani ƙarfi daga hasken nukiliyar da ke cikin ƙasa a hankali, wuta kuma tana share wannan tarin. Don haka idan aka huda ɗan rami a jikin mutum-mutumi aka ɗebi gari kaɗan aka zafafa shi a ɗakin gwaji, hasken da zai fitar yana nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gashinsa na ƙarshe. Gwaji ne na gaskiya, amma yana ba da shaida ne a kan wurin da aka huda kaɗai. Masu jabu suka gane haka. Sai su samo tsofaffin gutsattsari na gaske daga ramukan da aka wawashe, su ajiye su a ƙasan mutum-mutumi da bayan kai, inda aka saba huɗawa, su cike sauran da sabon yumɓu ko da niƙaƙƙen tsohon kasko da aka kwaɓa da gam, su shafe duka da laka. Wani lokacin a haɗa kan wani da jikin wani da ƙafar na uku. Takarda ta fito tana cewa shekara dubu biyu, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Shahararren misali daga Mali yake. A 1991 kamfanin gwanjo na Sotheby's a New York ya sayar da wani ragon yumɓu a kan dala 275,000, da takardar TL a tare da shi. Shekara goma bayan haka ɗan jarida ɗan Beljiyam, Michel Brent, ya ruwaito cewa wani magini a Bamako ya shaida masa shi ya gina mafi yawan ragon a kan 'yan gutsattsari na gaske.

A nan ne CT ta shigo. Wani likitan hoto ɗan Beljiyam, Marc Ghysels, ya yi suna wajen sa kayan fasahar Afirka a cikin na'urar asibiti. Magina Nok da hannu suke ɗora yumɓu zobe bisa zobe kamar ginin tukunya, cikin a rarake, yumɓun kuma gauraye da tsakuwa masu kaushi. A hoton CT kowane gutsure yana nuna nasa nauyi da nasa irin tsakuwa da inda ƙwayoyinsa suka fuskanta. Inda aka haɗa biyu da ba su taɓa zama tare ba, gaɓar tana fitowa. Gam yana fitowa da duhu saboda rashin nauyi, waya ko ƙusar da aka ɓoye a wuya tana walƙiya. Gefen da aka goge da zarto domin ya dace da maƙwabcinsa yana fitowa a miƙe sumul, abin da karyewar gaske ba ta yi.

Wani zai ce ina ruwan Nijeriya da Baturen da aka cuta. Ruwanta na nan. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, ƙasar kuma ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun a 1972. Duk lokacin da kwastam na wata ƙasa suka kama kaya suka miƙa wa ofishin jakadancin Nijeriya, akwai jami'in da zai sa hannu ya karɓa, akwai kuɗin jirgi da na inshora, akwai bikin karɓa da hotuna. Idan rabin abin da aka karɓa siminti ne da gam, ƙasa ta kashe kuɗi ta kuma shigar da ƙarya cikin kundinta. Mafi muni, ɗaliban da za su zo nan gaba za su koyi siffar Nok daga abin da wani magini ya ƙaga domin ya burge mai saye.

Kayan da ke dawowa

Tun daga 2021 kayan masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897 suka fara komowa. Kwalejin Jesus ta Cambridge ta miƙa zakaran tagulla, Jami'ar Aberdeen ta miƙa kan wani Oba. A watan Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar da mallakar kaya fiye da 1,100, kuma a Disamban shekarar Ministar Harkokin Wajenta, Annalena Baerbock, ta kawo rukunin farko Abuja da kanta. Gidan tarihin Smithsonian na Amurka ya saki 29, Holan ta dawo da 119 a 2025. Rumbun intanet na Digital Benin, wanda aka buɗe a Nuwamban 2022, ya lissafa kaya 5,246 a cibiyoyi 131 na ƙasashe 20. Muhawarar da ta fi cika jaridu ita ce ta wane ne zai riƙe su, musamman bayan umarnin Shugaba Muhammadu Buhari na Maris 2023 da ya ba Oba na Benin mallakarsu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wane bayani ne ke rakiyar kowane akwati.

Yawancin waɗannan kaya sun shafe fiye da ƙarni a gidajen tarihin da ke da ɗakunan gwaji. An auna wasu, an ɗauki hoton cikin wasu, an rubuta gyaran da aka yi musu. Wannan bayani dukiya ce ta biyu, kuma ba ya biyo kaya da kansa sai an rubuta shi a cikin yarjejeniya. Mai tsara takardar da zai kai wa minista ko babban sakatare yana da damar saka layi ɗaya da ke neman a miƙo dukkan hotunan eksire da na CT da sakamakon awo a ainihin siffarsu ta kwamfuta, tare da haƙƙin amfani da su. Kwafin da aka buga a takarda ba ya wadatarwa, domin ba a iya sake juya shi ko auna shi.

Amfanin wannan ya fi bayyana ranar da abu ya ɓace. A watan Janairun 1987 ɓarayi suka shiga Gidan Tarihin Jos suka kwashe kaya tara, ciki har da wani kan tagulla na Ife wanda bayan shekara talatin ya ɓulla a Ingila. Hoton fuska yana taimakawa, amma gwanin maƙeri na iya kwaikwayon fuska. Kumfar iskar da ta maƙale a cikin ƙarfe shekara ɗari bakwai da suka wuce ba ta kwaikwayuwa. Tana aiki kamar zanen yatsa. Haka kuma idan aka ba da aron abu zuwa baje koli a waje, hoton cikinsa kafin tafiya da bayan dawowa shi ne zai nuna ko sabuwar tsaga ta shiga, da kuma wanda zai biya.

Akwai ma labarin da ya kamata masu shirya tsarabar manya su sani. A 1973, da Janar Yakubu Gowon zai kai ziyara Birtaniya, aka ɗauki wani kan tagulla na Benin daga Gidan Tarihin Ƙasa da ke Legas aka ba Sarauniya Elizabeth kyauta. A fadar Ingila an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin kwafi na zamani, sai a 2002 masana suka tabbatar tsohon aiki ne na gaske. Olokun na gaske ne aka ce kwafi. Wannan ma haka. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen: har yau maƙeran Titin Igun a Benin suna zuba tagulla da dabarar kakanninsu, sana'a ce halattacciya, kuma jami'in filin jirgin sama yana buƙatar rarrabe sabon aiki da tsoho kafin ya tsare ɗan kasuwa ko ya saki ɓarawo. Na'urar XRF ta hannu tana taimakawa a nan, domin tsohuwar hanyar haɗa tagulla ba ta iya shigar da tutiya fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka abin da ya zarce wannan ba tsoho ba ne.

A Jihar Kuros Riba an ga wani salon. Duwatsun Bakor da ke wajen Ikom, waɗanda Philip Allison ya ƙirga kusan 300 a farkon shekarun 1960, an sace da dama daga cikinsu, wasu ma sare su aka yi aka bar gindin a ƙasa. Gidauniyar Factum ta ƙasar Sifen, tare da abokan aiki a Nijeriya, ta ɗauki hotunansu daga kowane gefe ta gina siffarsu a kwamfuta. Da wannan aka nuna cewa wani rabin dutse da ke gidan tarihin Metropolitan a New York ya dace da gindin da ya rage a Ntitogo. Kyamara ce da manhaja da haƙuri suka yi aikin, babu wata na'urar biliyoyin naira.

Iyakar na'ura

Sai dai kalmar "ba tare da lahani ba" tana buƙatar a riƙe ta da hankali. Hasken eksire yana ƙara wa yumɓu irin ƙarfin da gwajin TL ke aunawa, shi ya sa masana ke ba da shawarar a ɗebi garin gwaji kafin a sa abu a na'ura. Wanda ya juya tsarin zai iya rikita shekarun abin. XRF kuma fata kawai take karantawa, fatar tsohon ƙarfe kuwa tsatsa ta canza ta, don haka adadin da allo ya nuna ba lallai ne ya zama na cikin ba. Shi kansa binciken Olokun bai tsaya ga hoto kaɗai ba.

Sannan hoto ba ya fassara kansa. A 1979 eksire ya nuna cewa a bayan farin bangon da ke cikin wani zanen Johannes Vermeer a Dresden, na yarinya mai karanta wasiƙa a bakin taga, akwai wani hoto da aka shafe. Kusan shekara arba'in masana suna cewa Vermeer ne ya shafe da kansa, suna rubuta sharhi kan hikimar yin hakan. Sai a 2017 aka gano akwai dattin shekaru tsakanin fentin ƙasa da na sama, wato wani ne ya shafe bayan mutuwarsa. Na'urar ta faɗi gaskiya tun farko, masu karatun ne suka ƙara nasu. Sayen na'ura a kasafin kuɗi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da horar da wanda zai shekara goma yana kallon cikin tagulla har idonsa ya saba.

Ba daga sifili Nijeriya za ta fara ba. Manyan asibitocin koyarwa suna da CT, kuma a ƙasashe da yawa da daddare, bayan marasa lafiya sun ragu, ake shigo da kayan tarihi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. Takwararta ta Jami'ar Obafemi Awolowo tana da na'urar harba ƙwayoyin zarra da ake auna sinadarai da ita, dangin wadda Faransa ta girke a ƙarƙashin gidan tarihin Louvre domin kayan fasaha kaɗai, kuma tana Ile-Ife, garin Olokun. Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa ce ke ba da lasisin duk na'urar da ke fitar da irin wannan haske. Gidajen tarihi na ƙarƙashin wata ma'aikata, asibitoci wata, jami'o'i wata, lasisi wata. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga bene zuwa bene a Sakatariyar Tarayya ya san abin da hakan ke nufi.

Takarda da tawada

Ba tagulla da yumɓu kaɗai ba ne. Tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Tarihin Jos, da akwatunan gidajen malamai daga Kano zuwa Barno, da yawansu ba su ɗauke da kwanan wata. Amma idan aka ɗora shafi a kan faranti mai haske, alamar masana'antar takardar tana bayyana a cikin jikinta. Wadda aka fi gani ita ce ta jinjirin wata uku, daga masana'antun arewacin Italiya irin na iyalin Galvani, takardar da fatake suka riƙa ratso Sahara da ita ta Tarabulus da Alƙahira. Alamar tana taimakawa wajen sanin lokacin da kwafi ba zai girme ba. Hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, yana rarrabe tawadar gawayi da ta ruwan ƙarfe: ta gawayi tana nan baƙa ƙirin, ta ƙarfe tana dusashewa. Da haka ake gane inda wani hannu ya ƙara kalma daga baya, a kuma ta da rubutun da ruwa ko gumi ya cinye.

Inda wannan fanni ya kai a yau ana ganinsa a Italiya. Dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya ya mayar da ɗakin karatu guda a garin Herculaneum gawayi. Naɗaɗɗun takardun da aka tono a shekarun 1750, da yawa daga cikin waɗanda aka yi ƙoƙarin warwarewa sun ruguje. Farfesa Brent Seales na Jami'ar Kentucky ya ɗauki hoton cikinsu da wata babbar na'ura a Ingila, amma tawadar ta gawayi ce a kan takardar da ta zama gawayi, ido ba ya rarrabewa. A 2023 aka saki hotunan ga duniya aka sa gasa. Wani ɗalibi ɗan shekara 21, Luke Farritor, ya horar da ƙirƙirarriyar basira har ta fito da kalmar farko, kalmar Girkanci mai nufin launin shunayya. A Fabrairun 2024 shi da Julian Schilliger da Youssef Nader, ɗalibi ɗan Masar da ke karatu a Berlin, suka raba dala 700,000 bayan sun karanta haruffa fiye da 2,000 daga naɗin da har yanzu ba a buɗe ba. Babu ɗayansu da ya mallaki na'urar. Hotunan aka ba su.

Akwai wani fayil da wa'adinsa ke gabatowa. A ƙarshen shekarun 1990 Faransa ta sayi mutum-mutumin Nok biyu da na Sakkwato ɗaya daga hannun wani dillali a Beljiyam, ta nuna su a Louvre a 2000, a daidai lokacin da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda bai kamata a saya ba. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin farko zai cika a 2027. Ko a sabunta ko a dawo da su, wani jami'i a Abuja zai rubuta takardar shawara, kuma cikin abubuwan da yake da hurumin nema daga Faris akwai hoton cikin kowane ɗaya daga cikin ukun.